Bitar kyamarar tsaro mai wifi mai arha: hoto tangaran, tsaro a rauni

Kyamarar da ake magana a kai ita ce 'yar ƙaramar nan mai jujjuya kai, wadda ake haɗawa da wifi don a riƙa kallon gida ko shago ta waya. Ba ta da suna guda. Masana'antu ƙalilan ne ke ƙera allon cikinta da manhajarsa, sai 'yan kasuwa barkatai su saro, kowa ya buga sunan da ya ga dama a jikin kwali. Saboda haka bitar nan ta shafi jinsin ne baki ɗaya, domin in ka kwance biyar masu suna daban-daban, sau da yawa ciki ɗaya za ka tarar.

A ba ta haƙƙinta. Hoton 1080p ɗinta yana fita sarai da rana, da dare kuma fitilunta na infrared suna haska ɗaki ko zaure yadda za a gane fuska daga kusa. Tana da makirufo da lasifika, kuma saita ta bai wuce minti biyar ba: ka sauke manhaja, ka nuna mata lambar QR, shi ke nan.

Kasawarta ta zahiri ba ta ɓoyuwa. Yawancinsu zangon 2.4GHz kawai suke kamawa, ba su da batir, wuta na ɗaukewa sun mutu. Idan tana ɗauka a kan megabit 2 a daƙiƙa, awa guda tana cin kusan megabait 900, wato sama da gigabait 21 a yini, don haka katin memori na 32GB bai fi kwana ɗaya da rabi ba ya cika, ta fara goge na baya. Rubutu a kan kati dare da rana yana kashe kati na gama-gari, kuma ba za ta sanar da kai ba sai ranar da ka je neman bidiyo ka tarar wayam. Da yawa ba su da ɗan batirin riƙe agogo. In ta tashi babu intanet, sai kwanan watan da ke kan bidiyon ya koma wata shekarar da ta daɗe da wucewa, abin da ke rage masa daraja a matsayin shaida.

Duk waɗannan ana iya jurewa. Abin da ya fi damuna shi ne manhajar da ke cikinta.

Kyamarar nan ƙaramar kwamfuta ce mai aiki da Linux, kuma da yawa suna fitowa daga masana'anta da ƙofofin shiga a buɗe. Fitacciya ita ce telnet a ƙofa ta 23, tsohuwar hanyar ba wa na'ura umarni daga nesa, wadda ba ta sakaya komai. Kalmar sirrin wannan ƙofa daban take da wadda kake sakawa a manhajar waya. Za ka iya canza taka ka yi mata tsawo yadda kake so, amma ta telnet tana nan yadda aka dasa ta, iri ɗaya a dubban na'urori. Abin da muguwar manhajar kutsen nan mai suna Mirai ta ci gajiya ke nan a 2016. Mirai ba ta zo da wata dabara mai zurfi ba: tana yawo ne a intanet tana ƙwanƙwasa ƙofa ta 23 da ta 2323, tana gwada jerin sunaye da kalmomin sirri kusan 60, irin su admin da admin, ko root da xc3511, wanda aka samu a allunan kamfanin Xiongmai na birnin Hangzhou a China. Na'urorin da ta kama su aka tara aka yi wa kamfanin Dyn na Amurka, mai haɗa masu bincike da adireshin manyan shafukan intanet, rubdugu ranar 21 ga Oktoba, 2016, har Twitter da Netflix da Reddit suka gagari mutane da yawa na tsawon sa'o'i. Masu kyamarorin ba su ma san ana aiki da kayansu ba, tunda hoto na ci gaba da zuwa lafiya lau.

Wani zai ce ai tasa tana bayan rauta, wato na'urar da ke raba wifi a gida, ba wanda zai iso gare ta daga waje. A nan ne sauƙin saitawar nan yake da tsada. Dalilin da ya sa kake ganin gidanka daga ko'ina ba tare da ka taɓa saitin rauta ba shi ne kyamarar ce da kanta take fita ta nemi sabar kamfani, ta riƙe hanya a buɗe. Wannan tsari ake kira P2P, kuma abin da ke bambanta kyamararka da ta wani shi ne lambar shaidar da ke manne a gindinta. A 2019 mai binciken tsaro Paul Marrapese ya nuna cewa a tsarin iLnkP2P, wanda na'urori sama da miliyan 2 ke amfani da shi a lokacin, ana iya cankar lambobin nan bi da bi, sannan mai kutse zai iya shiga tsakani ya tare kalmar sirri domin ba a sakaya ta. Bangon rauta ba ya hana wannan, tunda daga ciki aka buɗe hanyar.

Sai babbar matsalar: in an gano ɓaraka, wa zai toshe? Wanda ya buga suna a kwali ba shi ya rubuta manhajar ba, wanda ya rubuta kuma bai san da zamanka ba. Maɓallin sabuntawa yana nan a manhajar waya, amma shekara da shekaru amsarsa ɗaya ce, wai kana kan sabon zubi.

Kada a ɗauka manyan sunaye sun tsira. Kamfanin tsaron kwamfuta Bitdefender ya sanar da Wyze, mai sayar da kyamarori, wasu kurakurai a 2019, sai 2022 aka kammala gyara, samfurin farko kuma ba a gyara shi ba, janye masa tallafi aka yi. A Fabrairun 2024 kimanin mutum 13,000 masu amfani da Wyze suka ga hotunan da suka fito daga kyamarorin wasu. An kama kamfanin kyamarori Eufy a 2022 yana tura ƙananan hotuna zuwa sabar intanet alhali tallansa cewa yake komai a gida yake zama. Kamfanin kyamarori Ring kuwa ya amince da biyan dala miliyan 5.8 a 2023 bayan hukumar FTC mai kare masu saye a Amurka ta zarge shi da barin ma'aikata suna kallon bidiyon abokan ciniki. Bambancin dai shi ne waɗannan suna da adireshi, ana iya matsa musu har su gyara. Marar suna ba ta da wanda za a riƙe.

Dokar da ta fara aiki a Birtaniya ranar 29 ga Afrilu, 2024 ta ba mai saye ma'auni mai kyau ko a ina yake: kada na'ura ta zo da kalmar sirri ta bai-ɗaya, kamfani ya faɗi inda za a kai rahoton ɓaraka, ya kuma faɗi iya lokacin da zai ci gaba da aiko da gyara. Kyamarar da ta kasa cika ukun nan, a bar ta a shago.

Idan ka riga ka saya, fara da canza kalmar sirrin kyamarar da ta asusunka, kada ka maimaita wadda kake amfani da ita a wani wuri, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu in akwai. Sannan ka sa manhajar duba na'urori irin Fing ko nmap ka ga ƙofofin da ke buɗe. In ka ga 23, ka nemi inda ake kashe ta. In babu, wannan kaɗai ya isa dalilin ajiye kyamarar. In ka ga 554, ta RTSP ce, wato hanyar da kyamara ke watsa bidiyo: buɗe manhajar kallon bidiyo ta VLC a kwamfutar da ke wifi ɗaya, ka shigar da adireshin bidiyon kyamarar, in hoto ya fito ba a tambaye ka kalmar sirri ba, to duk wanda ya hau wifinka yana kallo. A rauta ka kashe UPnP, saitin da ke barin na'ura ta buɗe wa kanta ƙofa zuwa waje, ka mayar da kyamarar kan layin wifi na baƙi don kada ta ga wayoyi da kwamfutocin gidan. Ka sani kashe UPnP ba ya tsayar da P2P. Abin da ke tsayar da shi shi ne ka hana kyamarar fita intanet kwata-kwata daga rauta, ta riƙa ajiye bidiyo a NVR, wato na'urar adana bidiyo ta cikin gida, kai kuma ka riƙa shiga ta VPN, wato sakayayyar hanyar shiga layin gidanka, in kana waje.

Da wannan shirin za ta iya gadin ƙofar gida, wurin ajiye mota ko sito. Ɗakin kwana da ɗakin yara kuwa ban yarda a sa ta ba ko da an yi duk abin da na lissafa, domin makirufonta yana nan ko da ka juya kanta ga bango, kuma a yawancinsu ba ka da hanyar tabbatar da cewa maɓallin kashe sauti na manhaja ya kashe shi da gaske.