Sharhi: Wata shida da amfilifayar jita mai bawul da na haɗa da hannuna

Wata shida ke nan da na ɗaure kusa ta ƙarshe a jikin wannan amfilifaya, kuma tun daga ranar da wuya yini ya wuce ban kunna ta ba. Da gangan na jinkirta rubuta wannan sharhi, don ina son ta sha zafin bazara da ƙurar hunturu da irin wutar lantarkinmu kafin in ce komai a kanta.

Abin da na saya ba haɗaɗɗiyar amfilifaya ba ce. Kwali ne aka aiko mini daga waje, cike da kayan haɗi: akwatin katako da aka lulluɓe da yadi mai ruwan ɗorawa, farantin ƙarfe da aka riga aka huda, taransifoma biyu, sifika mai faɗin inci 8, ƙunshin rizista da kwandansa (ƙananan sassa masu rage wuta da masu riƙe ta), wayoyi masu rigar zare, sai bawul uku, wato kwalaben gilashin nan da ke yin ja a cikin rediyon kakanninmu. Tsarin kuwa kwafi ne na Fender Champ samfurin 5F1, wadda kamfanin ya yi a ƙarshen shekarun 1950 a Fullerton ta jihar Kalifoniya. Shi Leo Fender asalinsa mai gyaran rediyo ne, ba makaɗin jita ba, kuma duk wanda ya buɗe zanen zai ga hakan: babu abu ɗaya da aka sa don ado. Bawul 5Y3 yana gyara wutar da ke shigowa, 12AX7 yana ɗaga ƙaramar muryar jita hawa biyu, 6V6 kuma yana tura ta zuwa sifika. Ƙarfinta wajen wat 5 ne. Maɓalli ɗaya gare ta, na ƙara sauti, kuma lambobinsa har 12 suke kaiwa.

Kayan da kansu ba ni da ƙorafi mai yawa a kansu. Katakon ya haɗu da kyau, ramukan farantin sun dace da kusoshinsu, taransifomomin suna da nauyi a hannu. Rizista ɗaya ce ta zo ba daidai da abin da aka rubuta ba, na gano ta ne don na auna kowacce da mita kafin in liƙa, na kuma samo madadinta a Sabon Gari cikin minti goma. Haɗa allon da liƙi da dalma ya ɗauke ni yammaci huɗu. Wanda ya taɓa gyaran rediyo zai gama a ƙasa da haka.

Littafin umarnin ne ya ɓata mini rai. An rubuta shi ne kacokan don mutumin Amurka mai wutar bolt 120, hotunan duka na wannan haɗin ne. Mu masu bolt 230 sai aka jefo mana takarda guda mai zane ba bayani. Taransifomar wuta tana da wayoyin 220 da 230 da 240, amma ba a faɗi yadda za a rufe waɗanda ba a yi amfani da su ba, ba a kuma faɗi cewa girman fiyus ya kamata ya ragu idan wutar ta ninka ba. Wannan ba ƙaramin sakaci ba ne, domin a cikin wannan ɗan akwati akwai wutar da ta haura bolt 350, kuma manyan kwandansa uku na iya riƙe ta ko bayan an zare soket. Tana iya kisa. Shafi ɗaya kacal littafin ya ba wannan magana.

A nan ne na ɗauki farantin na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin a unguwarmu, wanda ya koyi sana'ar tun zamanin bawul. Baba ya duba haɗin waya bayan waya, ya sa na sake liƙi uku da dalmarsu ta yi dusu-dusu ba ta kama ba, sannan ya ce, “Ɗana, kada ka jona wannan kai tsaye.” Ya haɗa mini ƙwan fitila mai zare, na wat 60, a kan hanyar wutar. Idan akwai wayar da ta taɓa wata, ƙwan zai haska sosai ya shanye wutar maimakon taransifoma ta ƙone. Neman irin wannan ƙwai ma sai da ya zama aiki, kasuwa duk ta koma masu farin haske, su kuma ba sa yin wannan aikin. Shi ne kuma ya koya mini sauke wutar kwandansa ta cikin rizista, in auna da mita in tabbatar ta sauka, kuma in riƙa sa hannu ɗaya a aljihu duk lokacin da nake awo tana kunne.

Kunnawar farko ƙwan ya yi haske ya dushe, kamar yadda ake so. Bawul suka ɗumama. Sai kawai sifika ta ƙwalla wata irin ƙara mai tsinin gaske, ko jita ba a jona ba. Hankalina ya tashi, amma Baba ko gezau. A wannan tsari akwai rizista mai om dubu 22 da ke ɗebo kaɗan daga abin da ke fita sifika ta mayar da shi baya, don ya daƙile wani ɓangare na sautin ya tsabtace shi. Idan wayoyi biyu na taransifomar sifika suka juya, abin da aka mayar sai ya ƙara wa sautin ƙarfi maimakon ya rage, amfilifaya ta riƙa bin kanta da ihu. Muka kashe, muka sauke wuta, muka musanya wayoyin biyu. Shiru. Na bi launukan littafin daidai, launukan ne ba su dace da taransifomar da aka sako ba.

Matsalar da ta fi cin lokacina ita ce gurnani, wannan ƙugin da ke fitowa daga sifika ko ba a kaɗa komai. Sati biyu ina fama. Abin da ya buɗe mini hanya shi ne gane cewa gurnanin iri biyu ne. Wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. Idan ƙugin ya fito daga wayoyin da ke ɗumama bawul, a kan 50 zai tsaya, can ƙasa. Idan kuma daga kwandansa masu tace wuta ne, zai ninka ya zama 100. Makaɗin jita yana da ma'auni a hannunsa: danna gida na uku a kan tsirkiya mafi kauri, sautin da zai fito yana dab da 100. Na danna, na saurara, nawa ƙugin yana ƙasa da shi da cikakken hawa guda, wato a kan 50 yake. Ashe wayoyin ɗumi ne, masu bolt 6.3. Na kwance su, na murɗe su tamau kamar igiya, na kwantar da su a kusurwar farantin nesa da wayar shigar jita, na sa rizista biyu masu om 100 don daidaita ɓangarorin biyu. Ƙugin ya ragu ƙwarai, amma bai tafi gaba ɗaya ba, kuma ba zai tafi ba. Amfilifaya mai bawul ɗaya a ƙarshe ba ta da na biyu da zai soke masa ƙugi kamar manyan. Da dare in gari ya yi tsit ina jin sa kaɗan, da na taɓa tsirkiya ya ɓace a cikin kiɗan.

Sai maganar wutar gari. Ranar da ta zo da ƙarfi na auna 242 a soket, ni kuwa na ɗaura a wayar 230. Bawul 6V6 ya yi zafin da ya wuce kima: bolt 23 a kan rizistarsa mai om 470, abin da ya nuna yana cin fiye da wat 14 da aka ƙayyade masa. Na koma wayar 240, na sa rizista mai om 560, na kuma canza ƙaramar kwandansar da ke gefenta daga mai jure bolt 25 zuwa mai 50, na ɗan nisanta ta daga zafi. A ganina tun farko mai 50 ya kamata a sako a kwalin. In wuta ta yi ƙasa kuwa, sautin sai ya yi laushi ya rasa kuzari, don haka yanzu ta bayan sitabilaiza take. A kan ƙaramin janareta tana aiki amma da ƙarin hayaniya. A kan inbata mai araha kuwa zuzu take yi kamar ƙudan zuma, na daina gwadawa.

Bawul 12AX7 da aka sako shi ma ya fara ƙara kamar ƙararrawa a wata na biyu, in na ƙwanƙwasa shi da tsinken katako sai in ji a sifika. Na canza shi. Duk mai niyyar saye ya haɗa da bawul na ajiya tun a odar farko, don yanzu ƙasashe kaɗan ne ke ƙera su, irin su Rasha da Sulobakiya da Sin, kuma ba abu ne da za ka shiga kasuwa ka tsinta nan take ba.

To, ya sautin yake? Shi ne dalilin da ya sa duk wannan wahala ba ta dame ni ba. Daga 3 zuwa 5 a maɓallin sauti muryarta garau take, mai ɗumi, kowace tsirkiya tana fita da kanta. Daga 7 zuwa sama sai ta fara dusashewa ta yi kauri, irin dushewar muryar mawaƙin da ya kwana yana waƙa. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take bin hannu: in na shafa tsirkiya a hankali ta fito fes, in na fizga ta yi gurnani, ba tare da na taɓa maɓalli ba. Yawanci ina barin ta a 8 in riƙa sarrafawa daga maɓallin jikin jita. Ni salon jitar Agadas nake bi, mai yawan jan yatsa da maimaita zagaye a kan tsirkiya ɗaya da ke amo a ƙasa, kuma ban taɓa jin waɗannan ƙananan adon yatsa sun fito a fili haka a cikin amfilifayata ta da mai taransista ba.

Iyakarta ma a fili take. Sifika mai inci 8 ba ta da kaurin murya, tsirkiya mai kauri tana kwaɓewa in an ƙure. Wat 5 ya cika ɗaki har maƙwabta su ji, amma a filin biki, gaban ganguna da kalangu, za ta nutse sai an sa mata makirfo. Babu maɓallin gyara kauri ko kaifin murya, babu amsa-kuwwa. Bayanta a buɗe yake, ƙurar hunturu ta shiga maɓallin sauti har ya fara hayaniya in an murɗa shi, sai da na wanke shi na ɗinka mata riga.

Idan ka iya riƙe ƙarfen dalma, kana da mita, kuma kana da wani irin Baba da zai tsaya a kanka ranar kunnawar farko, ina ba ka shawara ka saya, bayan ka tabbatar taransifomar tana da wayar 230 da 240. Idan amfilifayar zuwa wasa kake nema, ko ba ka da wanda zai duba maka haɗin, wannan ba taka ba ce tukuna. Ni dai yanzu ina tara kuɗin akwati na dabam mai sifika inci 12, in ji abin da waɗannan bawul uku za su yi in aka ba su fili.