Corolla 2005 ko Civic 2002: wacce ta fi dacewa da mai sayen motar farko?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya ce motoci biyu ne a gabansa, kuma wannan ne karon farko da zai mallaki mota. Ɗaya Toyota Corolla ce ta 2005, otomatik, mita na nuna kilomita 260,000, fenti ya ɗan koɗe. Ɗayar Honda Civic ce ta 2002, ita ma otomatik, kilomita 170,000, jiki sumul, kuma ta fi araha. Yana tambaya ko ya ɗauki Civic tunda ba ta ci hanya kamar Corolla ba.

Ɗan'uwa, a taƙaice: in dai duka biyun suka tsallake gwajin bakanike, Corolla muke ba ka shawara. Dalilin yana cikin inji da giyabos, ba a fenti ko a mita ba.

Mu fara da abin da ke haɗa juyawar inji ta ƙasa da buɗewar bawul a sama. Corolla ta wannan zubi, wadda aka sayar a Amurka daga 2003 zuwa 2008, injinta 1ZZ-FE ne mai lita 1.8, kuma sarƙa ce ke wannan aiki. Sarƙa tana wanka cikin man inji, ba ta da ranar canji. In ana yi wa mota juye a kan kari, sau da yawa tare da injin take tsufa. Civic ta 2001 zuwa 2005 kuwa injin D17 ne mai lita 1.7, kuma bel ne na roba. Honda ta ce a canza shi a wajen kilomita 170,000 ko shekara 7, duk wanda ya riga zuwa, kuma a inda zafi ke yawan wuce digiri 43 a canza tun a kilomita 100,000. Ka lura da wannan adadi: Civic ɗin da kake kallo tana tsaye daidai kan gaɓar. A irin wannan inji, in bel ya tsinke ana cikin tafiya, fistin zai haɗu da bawul ya lanƙwasa su, aikin da zai kai ga sauke kan inji. Saboda haka kada ka yarda da "an canza kwanan nan" na fatar baki. In babu rasit, ka ɗauka ba a canza ba, ka cire kuɗin bel da famfon ruwa da abin ɗaure bel daga farashi. Tare ake canza su uku, domin bel ɗin ne ke juya famfon, kuma buɗewa ɗaya ce.

Giyabos shi ne inda bambancin ya fi girma. Otomatik ɗin Civic na 2001 da 2002 ya yi ƙaurin suna wajen mutuwa da wuri: kayan kulocin ciki suna cinyewa, gurɓatar ta toshe hanyoyin mai, sai mota ta fara jinkirin kama giya. Na Corolla mai giya huɗu ne, tsohon yayi, ba ya burge kowa, amma yana da juriya. Ga yadda za ka gwada su duka. Da sanyin inji, ka taka birki, ka sa D, ka ƙirga. Ya kamata ka ji ta kama cikin daƙiƙa ɗaya zuwa biyu, ba tare da duka ba. Haka a ribas. Sannan ka tuƙa ta aƙalla minti 20 har ta ɗau zafi sosai, domin giyabos mai ciwo yakan ɓoye ciwonsa da safe. In inji ya ɗaga murya tsakanin giya ta biyu da ta uku amma gudu bai ƙaru ba, giya na sulɓewa. A Civic, in fitilar D tana ƙiftawa, kwamfutar motar ce ke shaida maka akwai matsala. Ka zaro sandar awon man giya ka shafa a farar takarda: ja ko ruwan hoda lafiya lau, baƙi mai ƙauri kuwa a bar motar. Wani ɗan bambanci da mutane ke mantawa: man giyar Toyota ana auna shi inji na aiki, na Honda kuma bayan an kashe. Honda kuma ba ta son kowane mai sai nata, DW-1, wanda ya maye gurbin Z1.

Da Civic ɗin mai giyar hannu ce, da maganar ta canza sosai. Wannan raunin ya fita daga lissafi, sai dai a saurari ƙarar boris da ke ɓacewa in an taka kuloci.

Kada a ɗauka Corolla ba ta da nata laifin. Injin 1ZZ yana da tarihin shan baƙin mai: ƙananan ramukan da ke mayar da mai a jikin fistin suna toshewa da dauɗa, ringi ya maƙale, mai ya riƙa ƙonewa tare da fetur. Na kafin 2003 sun fi fama, amma a kilomita 260,000 dole a duba. Ka sa wani ya tsaya a baya, ka bar mota ta yi sulo na minti biyar, sannan ka taka totur da ƙarfi. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daga salansa yana nufin tana cin mai. Injin kamar lita huɗu kacal yake ɗauka har da filta, don haka mai shan lita ɗaya a kowace kilomita 1,000 ba zai kai juye na gaba ba sai ya buga, in direba ba mai duba geji ba ne. Sauran laifuffukanta masu sauƙi ne: gasket ɗin bututun shigar iska yana taurara ya bar iska ta shiga, na'urar karanta laifin mota ta nuna lambar P0171, robar abin ɗaure sarƙa tana yoyon mai a bayan inji, famfon ruwa yana tsatstsafo.

Akwai kuma wani abin dariya da ya shafi mitarta. Mitar Corolla ta waɗannan shekaru tana tsayawa cak a 299,999, ba ta ƙara gaba. In ka ga wannan adadi a wata motar, Allah kaɗai ya san abin da ta ci bayansa. Ita kanta mita, a mota mai shekaru sama da 20, shaida ce mai rauni. Ka dubi robar fedal ɗin birki, da sulɓin sitiyari, da gefen kujerar direba. Fedal da ya cinye har ƙarfe ya leƙo bai yi kama da kilomita 170,000 ba.

Babban ciwon injin Civic shi ne tof gasket, wato gasket ɗin da ke tsakanin kan inji da jikinsa. Ba kullum yake nuna kansa da mai mai kamar madara a ƙarƙashin murfi ba. Sau da yawa hayaƙin ƙonewa ne ke kutsawa cikin ruwa, ya tura shi zuwa robar ajiya, mota ta riƙa zafi a doguwar tafiya kawai. Da sanyin inji, ba da zafinsa ba ko kusa, ka buɗe murfin lagireto, ka tada mota. Kumfa da ke tasowa ɗaya bayan ɗaya ba tare da yankewa ba alama ce mara kyau. Ƙarar "tak-tak" da safe da ke raguwa in inji ya ɗumama kuwa galibi tsagewar bututun hayaƙi ce a jikin inji, abin da aka saba gani a wannan zubi.

A fetur kusan kunnen doki ne. A kan hanya Civic ta fi daɗin kwana, Corolla ta fi laushi a gargada kuma ƙafar bayanta ba ta da tarkacen bushin da yawa.

Abu ɗaya ya shafe su duka, kuma batun rai ne: jakar iska ta kamfanin Takata, wadda ke iya fashewa ta watso gutsattsarin ƙarfe. Civic ta 2001 da 2002 tana cikin rukuni mafi haɗari, har a 2023 Honda ta ce kada a tuƙa waɗanda ba a gyara ba. Corolla ta waɗannan shekaru ma tana cikin waɗanda aka kira, a ɓangaren fasinja. Ka kwafi lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 daga ƙasan gilashin gaba, ka bincika a shafin kamfanin ko an canza. Ka kuma tabbatar lambar ta yi daidai da ta jikin ƙofa da ta takardu.

Kada ka yi cinikin biri a sama. Ka je da bakanikenka, ba na mai sayarwa ba, kuma ka roƙi kada a tada motar kafin ka iso. Ka taɓa inji da hannu ka tabbatar. Da ka murɗa makulli kafin ta tashi, fitilar inji da ta jakar iska su kama, sannan su mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba sam, ƙila an cire ƙwanta ne. A jona na'urar OBD2, mai karanta laifukan da kwamfutar mota ta adana: ko ba ta nuna laifi ba, in gwaje-gwajen kwamfuta da yawa suna nuna ba su kammala ba, an goge laifin ne kwanan nan ko an cire batir. A hau da ita rami a leƙa ƙasa. Tsatsar da sukudireba ke hudawa a kusa da inda ƙafa ke kama jiki, ko walda a ƙarfen gaba, ta kashe ciniki ko da sunan Toyota ne a jiki. Taya kuma lambobi huɗun ƙarshe na gefenta mako da shekara ne: 2319 na nufin mako na 23 na 2019.

Kuɗinka kuma kada ka zuba shi duka a saye. Ka ware kamar kashi ɗaya cikin biyar don makon farko: man inji da filta, man giya, ruwan lagireto, man birki, fulogi, wataƙila taya biyu. In Corolla ba ta hayaƙi kuma ƙasanta lafiya, ɗauke ta da koɗaɗɗen fentinta. In ta faɗi gwaji, wannan bai mayar da Civic otomatik ta 2002 zaɓi mai kyau ba. Ka ci gaba da nema, ko wata Corolla, ko Civic ta 2004 ko 2005 mai giyar hannu da rasit ɗin bel a hannu.