Na bar baƙin dayis, na je an saje mani furfura a wani salun na Ƙofar Ƙaura

Yau wata biyu da kwana tara kenan da yi, shi ya sa na ga lokaci ya yi da zan faɗi yadda abin ya kaya, don ranar farko kowane kai kyau yake yi in an fito daga salun, sai an kwana biyu ake sanin gaskiyar aiki.

Ni furfura gado ce a wurina, tun ina da shekara 31 ta fara leƙowa ta gefen kunne, yanzu ina 47 goshin nan kusan rabinsa fari ne. Shekara da shekaru abin da nake yi ɗaya ne, in aika a sayo mani baƙin dayis na kwali a babbar kasuwa, in kwaɓa, ɗiyata ta shafa mani, kai ya fito baƙi wuluk kamar na 'yar tsana. Matsalar kuma duk mai yi ta santa, gashi kusan santimita ɗaya yake ƙaruwa a wata, to sati uku kacal sai ki ga farin layi ya fito a tsaga kamar an ja alli, in kuwa kitso ne a kanki ai shikenan kowace tsaga sai ta tona maki asiri, balle a gidan biki ɗauri ya ɗan ja baya. Wai kina ɓoye abu amma shi ne abin da ake fara gani. Ga kuma ƙaiƙayi, a karo biyun ƙarshe bayan kunnena sai da ya yi ƙuraje har da ruwa, nan ne fa na tsorata.

Wata abokiyar aikina ce ta kwatanta mani wurin, yana Layout ɗin Ƙofar Ƙaura a nan Katsina, cikin gida ne ba bakin titi ba, mata zalla, ko mai kawo ruwa a ƙofa yake tsayawa, wannan kam ya kwanta mani don mutum zai cire ɗankwali hankali kwance. Ba zan kama suna ba tunda akwai 'yan abubuwan da zan yi ƙorafi a kai.

Da na je niyyata kawai a canza mani dayis zuwa mai kyau wanda ba ya ƙaiƙayi. Matar mai wurin ta sa na tsefe kitson, ta sharce, ta daɗe tana duba gashin a bakin taga, sai tambayoyi, yaushe na sa rilaksa na ƙarshe, ina sa lalle a kai, wane irin lalle, na gida ko na leda. Har na fara ƙosawa. Sai ta ce "Hajiya in kin yarda da ni kar mu rufe furfurar nan, mu saje ta da sauran gashin, don yadda ta yi yawa a gaban nan duk abin da muka rufe da baƙi sati uku zai dawo da ke." Na ce ƙanwata ni fa ban zo a mayar da ni kaka ba. Ta yi dariya ta ce ba haka ba ne.

Bayanin da ta yi mani, wanda daga baya na ga haka yake, rinin gashi kala-kala ne. Akwai na dindindin mai amoniya, shi ne ke buɗe silin gashi ya shiga ciki ya zauna, ba ya fita sai dai gashin ya tsiro a yanke, shi ne ke yin layin nan. Akwai kuma wanda suke cewa demi, babu amoniya, ruwan da ake haɗa shi da shi mai rauni ne, lamba 10 ko ƙasa da haka, lamba 10 ɗin nan kashi 3 cikin 100 ne na faroksayid, sinadarin da ke sa rinin ya kama, na dindindin kuwa yawanci lamba 20 ake sa masa wato kashi 6. Shi demi ba ya iya haska baƙin gashi ko kaɗan, abin da yake yi kawai ya ɗan rina farin silin sama-sama, sai furfurar ta koma ruwan ƙasa mai haske a cikin baƙin gashinki na asali, ta zama kamar ado aka yi da gangan, kuma a hankali yake koɗewa da wanki, to sabon tsiro in ya fito babu wata iyaka mai kaifi tsakaninsa da tsohon.

Abin da ya sa na ƙara yarda da ita, ranar ba ta sa mani rini a kai ba. Ta ɗiga mani ɗan haɗin a bayan kunne ɗaya da cikin gwiwar hannu ta ce in je sai bayan awa 48, in na ga ja ko kumburi kar ma in dawo don rini, in je asibitin fata. Ta ce sinadarin da ke cikin yawancin baƙin dayis, PPD, shi ke kawo ƙurajen nan, shi ne kuma ake zubawa a baƙin lallen da ake yi wa amare a hannu, kuma in jiki ya fara ƙin sa ba ya dainawa sai dai ya ƙaru, wasu demi ɗin ma suna da shi ko ɗan'uwansa don haka dole a gwada. Ta kuma yanki 'yan silalla daga ƙeyata ta ajiye za ta gwada a kansu saboda lallen leda da na taɓa sawa, wai wasu ana haɗa su da gishirin ƙarfe da ba ya shiri da faroksayid. Ni dai a duk yawon salun ɗina a garin nan ba a taɓa yi mani haka ba, kina zuwa ake kwaɓawa.

Ranar aikin kuma nan ne ƙorafina yake. An ce in zo 10 na safe, na sauka daga napep goma saura, ban zauna a kujera ba sai 12 da rabi, saboda an kawo amarya da ƙawayenta ba zato, aka bar ni ina kallon bango. Ga wuta an ɗauke, janareto kuma sai da aka aika sayen mai, ɗakin ya ɗau zafi ga warin rilaksar wata da ake yi wa a gefe. Yarinyar da ta wanke mani kai ma hannunta da nauyi, da farce take sosawa sai da na yi magana sau biyu. Ita mai wurin kam da ta zo ta ba da haƙuri, kuma aikin nata a natse ta yi shi, ta raba gaban kan ƙanana-ƙanana, wasu ta shafa masu ruwan ƙasa mai duhu ta naɗe a takardar foyil, wasu ta shafa mai ɗan haske, 'yan kaɗan kuma a gefen kunne ta bar su fari yadda suke. Minti 25 aka wanke, aka yi stimin, ta datse ƙarshen gashin. Na roƙe ta ta cire mani tsohon baƙin da ke jelar da bilic, wato mai cire launin gashi, ta ƙi ƙememe, ta ce kan da ya sha rilaksa in aka ɗora masa bilic a hannu zai biyo mu, sai dai a riƙa datsewa kaɗan-kaɗan har ya ƙare. Na ji haushi a lokacin amma yanzu na gode mata. Naira 22,000 na biya har da stimin, ya yi tsada in aka kwatanta da ɗan kwalina na kasuwa, kuma ba ta faɗa mani kuɗin stimin daban ne ba sai wajen biya, wannan bai yi mani daɗi ba.

Da na duba madubi gaskiya ban yi tsalle ba, ido ya saba da baƙi wuluk, sai na ga kamar ba a gama ba. Abban yara ne da daddare ya ce kan ya fi kama da nawa, wancan wai kamar hula nake sawa, kin ji mutum, shekara nawa bai taɓa faɗa ba. Shi dama tun can ba ya son baƙin, yakan kawo mani hadisin Abu Ƙuhafa mahaifin Sayyidina Abubakar, da aka kawo shi ranar buɗe Makka kansa da gemunsa fari fat, Annabi (SAW) ya ce a canza masa amma a nisanci baƙi. Na san malamai sun yi magana mai tsawo a kan hukuncin, ba fagena ba ne, amma dai ruwan ƙasan nan ya raba ni da wannan wasiwasin ma.

Yanzu bayan wata biyu, sabon tsiro ya fito kusan santimita biyu, na yi kitso sau uku, shuku biyu da zane ɗaya, kuma wallahi sai kin matso sosai za ki gane inda rinin ya tsaya. Ance demi yana kai wanki 20 da wani abu, mu kuwa masu kitso da sai sati biyu muke wanke kai da sabulu ai ya daɗe mana, ga kan kullum a rufe rana ba ta dukansa. Ƙaiƙayi babu. Inda na ga nakasu, farin da aka bari a gefen kunne ya ɗan yi rawaya-rawaya, ta ce in nemi shamfu mai ruwan shuni in riƙa sawa jefi-jefi, har yau ban samu a garin nan ba sai dai in ba da saƙo Kano. Gashin ya ɗan bushe a satin farko, man kaɗanya da karkashi suka dawo da shi, amma ina jiran in ga yadda zai yi in hunturu ya kankama.

Wadda take so a ganta ba furfura ko sili ɗaya kar ta ɓata kuɗinta, wannan ba ya rufewa, ana ganin hasken ta. Yayata ma da ta gani cewa ta yi ita ba za ta biya dubu ashirin a bar mata farin gashi ba, lallenta na gida ya ishe ta ko da kan zai yi ja kamar gauta. Ni kam zan koma ƙarshen wata mai zuwa, amma ranar Talata zan je ba Alhamis ko Juma'a ba saboda amare, zan tambayi kuɗin komai kafin in zauna, kuma da tawul ɗina da matajina zan tafi.