Majami'ar Yahudawan Fotugal a Amsterdam: abin da mai ziyara zai samu

Duk wanda ya je Amsterdam, babban birnin ƙasar Holan, kuma yana da sha'awar aikin magina da na kafintoci, ba zai yi da-na-sanin kuɗinsa ba idan ya yanki tikitin shiga Majami'ar Yahudawan Fotugal, wadda masu ita suke kira Esnoga. An buɗe ta a shekarar 1675, kuma waɗanda suka gina ta jikokin Yahudawan da aka kora daga Sifaniya ne a 1492, da na waɗanda aka tilasta wa karɓar Kiristanci a Fotugal a 1497, waɗanda daga baya suka samu mafaka a wannan birni suka ba magini Elias Bouman aikin. Har gobe ana ibada a cikinta, shi ya sa ba a karɓar baƙi ranar Asabar da ranakun bukukuwansu na addini.

Tsarin karɓar baƙi mai sauƙi ne. Ana ba maza 'yar hula su rufe kai, ana kuma ba kowa 'yar na'urar da zai kara a kunne ya saurari bayani, daga nan sai a bar mutum ya zaga ba tare da wani ya hanzarta shi ba. Bayanin na'urar yana da amfani, amma a ganina kayan da ke cikin ɗakin sun fi ta iya koyarwa, muddin mutum zai samu benci ya zauna ya kalle su da natsuwa.

Abubuwa biyu ne suke riƙe da ɗakin gaba ɗaya, kuma suna fuskantar juna. A bangon da ke kallon Birnin Ƙudus akwai wani katafaren kabad na katakon jakaranda da aka kawo daga Barazil, wanda a cikinsa ake ajiye naɗaɗɗun fatun Attaura, a samansa kuma an kafa alluna biyu masu ɗauke da Dokoki Goma da harshen Ibrananci. A can ɗaya ɓangaren, kusa da ƙofar shiga, akwai mumbarin katako mai faɗi da ake hawa a yi karatu. Bencinan jama'a ba su fuskanci gaba ba kamar yadda aka saba gani a coci, an jera su ne a tsawon ɗakin, na dama suna kallon na hagu, aka bar fili a tsakiya. Da farko na ɗauka ɓarnar wuri ce, sai daga baya na gane cewa wannan filin shi ne hanyar da ake ɗauko Attaura daga kabad zuwa mumbari a kuma mayar da ita, kuma an zaunar da mutane ne yadda kowa zai ga wucewarta ya kuma ji muryar mai karatu, a zamanin da babu lasifika. A ƙarƙashin mazaunin bencinan akwai ƙananan akwatuna da masu ibada suke ajiye littattafai da mayafin addu'a, kuma wasu daga cikin bencinan sun girmi ginin kansa, domin daga tsohuwar majami'arsu ta 1639 aka kwaso su. Mata suna da nasu wurin a sama, a kan baranda biyu da ginshiƙai goma sha biyu suke ɗauke da su.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka ƙi sabunta wurin. Babu wutar lantarki a babban ɗakin, babu kuma na'urar ɗumama shi. Da rana hasken yana shigowa ne ta manyan tagogi 72, da dare kuma sai a kunna kyandir kimanin dubu a kan manyan mariƙan tagulla da suke rataye daga rufi. An kuma barbaɗa yashi mai laushi a kan daɓen katakon domin ya tsotse danshi da dattin takalma, ya kuma rage ƙarar sawu, abin da zai tuna wa Bahaushe tsofaffin masallatan ƙauye da ake shimfiɗa wa rairayi. Saboda haka wanda zai je da hunturu ya saka rigar sanyi mai kauri, domin su kansu masu majami'ar suna komawa wani ƙaramin ɗaki mai ɗumi ne a wannan lokaci.

A ƙananan gine-ginen da suka kewaye farfajiyar ana nuna kayan azurfa da yadudduka masu ado da ake tufatar da Attaura da su, kuma a nan ne ɗakin karatu na Ets Haim yake, wanda aka kafa tun 1616. Ana iya haɗa ziyarar da ta Gidan Tarihin Yahudawa da ke tsallaken titi, amma na fi ba da shawarar a fara da majami'ar da hantsi, lokacin da hasken tagogin yake sauka a kan katakon kabad ɗin.