VS Code a kan tsohuwar laftof, ga abin da na gani

Ni dai a ganina duk wanda yake zaune a ƙauye irin namu nan gefen Ringim kuma yana son koyon rubuta kod, VS Code, manhajar da ake rubuta kod a cikinta, ya ishe shi, amma fa da sharaɗi, kar ya biye wa 'yan bidiyon YouTube ɗin nan masu cewa sai ka zuba ekstenshin, wato ƙananan kayan da ake ƙara wa manhajar, har ashirin kafin ka rubuta layi ɗaya. Su ba a ɗauke musu wuta, intanet ɗinsu ba ya yankewa, mu kuwa data sai an lissafa, caji kuma sai ka kai shagon mai sola a bakin kasuwa ka biya.

Laftof ɗina tokumbo ce daga Beirut Road a Kano, RAM 4GB, hard disk ɗinta, wato ma'ajiyar fayil, ma irin mai juyawar nan ne ba SSD mai sauri ba. Da farko Android Studio raina ya biya saboda burina in haɗa manhajar waya, to amma masu shi da kansu sun rubuta cewa RAM 8GB yake buƙata, kuma bayan ka gama sauke shi sai Gradle, mai harhaɗa maka kod ya zama manhaja, ya ce shi ma sai ya sauke nasa kayan. Ba laifinsa ba ne, ba don irin na'urata aka yi shi ba. PyCharm na kamfanin JetBrains shi ma yana da kyau sosai in yaren kod na Python ka sa a gaba, sai dai shi ma yana son wuri, ni kuma ina taɓa HTML da JavaScript na haɗa shafin intanet.

Abu na farko da zan ja kunnen mutane a kai, Visual Studio daban, Visual Studio Code daban, duk na Microsoft ne amma na farkon gigabait da yawa zai cinye maka. Wanda kake nema shi ne mai Code a ƙarshe, wanda ya fito a 2015, kyauta ne, fayil ɗin girkawarsa bai kai gigabait ɗaya ba ko kusa. Ni da daddare na sauke shi da datar dare, lokacin gari ya yi shiru sabis ya ɗan saki. Ka zaɓi User Installer, ba ya tambayar fasuwod ɗin admin, wanda ya aro kwamfutar yayansa ya san amfanin wannan. In kuma har yanzu Windows 7 kake kai to sabon ba zai hau ba, a sigar 1.70 suka tsaya da ita tun 2022, Python ma 3.8 ce ta ƙarshe da take hawa kanta.

Wajen girka Python akwai wani ɗan akwati a ƙasan shafin farko da aka rubuta Add python.exe to PATH, dan Allah malam ka danna shi kafin ka wuce. Ƙanena da abokansa da suke zuwa koyo a wajena duk a nan suke maƙalewa, mutum ya rubuta python a tamina, wato inda ake rubuta wa kwamfuta umarni, ta ce ba ta san shi ba, ya yi ta zagin VS Code alhali ba ruwansa.

Yanzu maganar ekstenshin, wacce ita ce ta sa ni wannan rubutun. VS Code an gina shi ne a kan Electron, wato a cikinsa akwai injin burauza irin na Chrome, shi ya sa tun kafin ka ƙara masa komai ya riga ya kama wani kaso na RAM. Kowane ekstenshin kuma kaya ne kake ɗora masa, jaki ne mai haƙuri amma in ka yi masa lodin raƙumi zai durƙusa. Ni uku na bari. Na Python, wanda yake jawo Pylance da kansa, shi ne mai ja maka jan layi in ka yi kuskure kuma ya ƙarasa maka sunan abu tun kana rabin rubutawa, gaskiya wannan ya rage min wahala ba kaɗan ba duk da shi ne ya fi sa fankar laftof ɗin ihu. Sai Prettier mai jera maka kod ya yi tsaf. Sai Live Server, wannan kam ina ƙaunarsa wallahi, ka danna Go Live a can ƙasa shafinka ya buɗe a burauza a 127.0.0.1:5500, kana adanawa yana canzawa nan take, kuma ko data ba ka da ita yana aiki tunda a cikin na'urarka yake. Su GitLens da masu canza kalar allo da aikon kala-kala duk na cire, ba don ba su da kyau ba, wanda yake aiki shi kaɗai a ɗaki bai kai nan ba tukuna.

Sai saiti biyu da ba na wasa da su. Auto Save ka kunna shi a menu na File, don batirin tokumbo ba ya sallama kafin ya tafi, kana tsaka da aiki sai dai ka ga baƙin allo. Na biyu ka shiga Settings ka mai da Update Mode zuwa manual, ka kashe sabunta ekstenshin da kansa, tunda a kai a kai suke fitar da sabuwar siga kuma kana haɗa hotspot zai fara ja a ɓoye. Windows ɗin ma ka gaya mata layin metered ne, wato data a lissafe take.

In wani a garinku ya riga ya sauke, kar ka ƙona datarka, karɓi fayil ɗin girkawar a filash, ekstenshin ma ana ajiye su a fayil mai ƙarewa da .vsix, ka danna Ctrl+Shift+X ka je ɗigo ukun nan na sama ka zaɓi Install from VSIX shikenan.

Wanda kuma laftof ɗinsa 2GB ce, shawarata ya haƙura da VS Code tukuna ya sa Thonny, shi ma na rubuta kod ne amma mara nauyi, a jami'ar Tartu ta ƙasar Estoniya aka yi shi don 'yan koyo, yana zuwa da Python ɗinsa a ciki, ba ruwanka da maganar PATH. Yaran da suke zuwa wajena da shi nake fara musu yanzu, sai hannunsu ya faɗa nake mai da su VS Code.