Maganin shaye-shaye bisa umarnin kotu a Gombe: ina ya gyaru, ina ke da saura

Idan alƙali ya ba da belin yaro da sharaɗin zuwa asibiti, tsarin ya fi ɗauri nesa ba kusa ba. Likita kan fara da gwajin fitsari, sannan ya zauna da iyaye. Mai shan tramadol ana rage masa ne sannu a hankali. Yankewa farat ɗaya na kawo gumi, gudawa da rashin barci.

Gwajin ne ke da giɓi. Bai kama sholisho, tramadol ma sai da tsinkensa na musamman. Wiwi kuwa na iya kai kwana 30 a fitsarin wanda ya daɗe yana sha, sai a zargi yaron da ya riga ya daina. Kuma wani lokaci uwa ce kaɗai ke zuwa zaman iyali.