Kalifar birki: tsohuwa a gyara, ko sabuwa a kwali?

Mai tsohuwar Hilux a Katsina da ya gaji da birkin ganga a ƙafafun baya, yana son komawa na faifai, abu biyu ne a gabansa: ya nemi kalifa (ƙarfen da ke matse faifan idan an taka birki) ta hannu wurin masu kayan Baljiyam, ko ya sayi sabuwa.

Sabuwa ba ta da dogon zance. Ka biya, a ɗaura. Sai dai kwali mai ƙyalli ba shaida ba ne, jabu ya yi yawa.

Ta hannu kuwa sai mai ido. Fara duba lambar da aka zuba a jikin ƙarfen, da alamar L ko R. Idan aka musanya hagu da dama, ƙusar fitar da iska za ta koma ƙasa, kuma ko yini za a yi ana famfo birki ba zai yi tauri ba. Sannan a zaro fistan, wato ƙarfen cikin kalifar da man birki ke turawa. Na taɓa ganin wanda waje fes, ciki tsatsa ta ci shi kamar zanzana. Irin wannan ko sabuwar roba aka sa, yoyo zai yi. In lafiyayye ne, a sauya robobi da murfin ƙura (ka san ƙurar hanyar Jibiya), a wanke da man birki DOT 3 ko DOT 4. Fetur da baƙin mai kumbura roba suke.

Ni dai ta hannu ta asali nake ɗauka, muddin faɗin fistan ya dace da masta (famfon da ke turo man birki idan an taka), kuma an tanadi yadda birkin hannu zai kama.